Lissafin Bayan Kalanda

Daren Talata, ɗakin littattafai na makarantar Piedra Mora,
can kudancin Colorado, inda dutse ke tare rana da wuri.
Mun zauna kan kujerun yara, gwiwa ta kusa taɓa haɓa,
iyaye shida, malamai uku,
gahawa ta huce a kofin takarda,
dusar ƙanƙara na rufe motocinmu a waje.

Ni Ofelia Archuleta, daga rumbun dankali na taho,
ƙasa maƙale a farcena.
Ban tsaya wankewa ba, kada a fara ban iso ba.

Mista Dahlke, shugaban gundumar ilimi, ya kunna majigi.
Jan layi ya gangaro kamar akuya daga tudu:
karatun 'yan aji uku ya faɗi, in ji alƙaluma.
Ya ce kashi kaza cikin ɗari.
Na duba, ban ga ɗana a cikin kashin ba,
ban ga hularsa mai kunne ɗaya ba.

Sai aka shiga abin da aka saba.
Wani uba ya ce malamai sun yi sanyi.
Wani malami ya ce a gida ba a buɗe littafi.
Kowa ya ɗauko laifi da hannu biyu
yana neman cinyar da zai ɗora wa.

Na ce a ba ni minti biyu.
Muryata ta yi rawa, na bar ta ta yi.
Na ciro kalandar kantin taki daga jaka,
na juya bayanta.
Kwana arba'in da ɗaya na rubuta da fensir,
ƙarfe nawa motar makaranta ke tsayawa a Hanya ta Sha Biyu.
Shida saura kwata. Shida saura minti goma. Shida saura kwata.
Taurari ba su tashi daga aiki ba
Leandro ke hawa, burodinsa a aljihu.
Awa ɗaya da rabi ana kewaya gonakin mutane da shi
kafin ya ga ƙofar aji.
Darasin farko kuwa? Karatu.

Shiru ya yi tsawo har na ji injin ɗumama ɗaki yana tari.

Malama Thornquist ta cire tabarau.
Shekara ashirin da biyu tana riƙe da aji uku.
Ta ce, su bakwai ne, na san su.
Sahun taga, kai bisa hannu,
ina tsakiyar labari, suna tsakiyar barci.
Na ɗauka talabijin ke cinye musu dare.
Ta dube ni, ban kau da ido ba,
ita ma ba ta kau ba.

Mu kwamitin shawara ne, an sha tuna mana.
Ba mu sa hannu a kuɗi, ba mu riƙe da mabuɗi.
Bakinmu ne jarinmu, sai takarda shafi biyu
da za a karanta, ko a ɗora kofi a kai.
Duk da haka muka rubuta:
a ƙaro mota, ko a matsar da karatu zuwa hantsi.
Eusebio Maestas ya ce a haɗa da kalandar.
Aka haɗa, da hoton tarakta da tabon miyarta.

Hukumar ta zauna a watan Maris.
Mota dai babu, an ce taya ma sai baɗi.
Amma karatu ya koma ƙarfe goma,
sassafe aka bar wa tsalle-tsalle da zane.

Ban san inda jan layin zai nufa bana ba.
Na san dai jiya, ina yanka albasa,
Leandro ya tsaya gaban firiji
yana karanta takardar kuɗin wuta da ƙarfi,
harafi bayan harafi,
har ya tambaye ni ma'anar gargaɗi na ƙarshe.

Na ce zo ka ci abinci.

Sabuwar kalanda na rataye bayan ƙofa,
fensir ɗaure da zare a jikinta.
Talata mai zuwa akwai zama,
motar kuwa har yau shida saura kwata take zuwa.